Soyayyen Kifi da Dankali na Birtaniya a Bakin Baƙo daga Dogondutsi

Soyayyen kifi da dankali, wanda Turawan Ingila ke kira fish and chips, shi ne abincin saye-ka-tafi da ya fi kowane daɗewa da yin suna a Birtaniya. Ƙatuwar tsokar kifin teku ce marar ƙaya, a tsoma ta cikin kwaɓin fulawa mai ruwa-ruwa, a jefa cikin tafasasshen mai har bayanta ya yi ja. Sai a haɗa ta da dankalin Turawa da aka yanka da kauri aka soya, a barbaɗa gishiri, a yayyafa ruwan kal, a naɗe cikin takarda a miƙa wa mai saye. Akwai dubban shaguna a faɗin ƙasar da wannan ce sana'arsu, kuma da wuya baƙo ya yi mako guda a Landan ko Manchester ba tare da wani ya ce masa bai ga Ingila ba tukuna sai ya ɗanɗana.

Mutumin Sukukutane ko Matankari ko Tibiri ya san kifi, ya san dankali. Dogondutsi tana cikin wuraren da suka yi fice a noman dankalin Turawa a Nijar, ana shuka shi cikin garkuna da farkon sanyi a haƙe shi kafin zafi ya kankama, kamar yadda Sukukutane ta yi suna da farar albasarta. Kifi kuwa yana shigowa daga Gaya ta bakin kogin Kwara, da tabkunan da ke riƙe ruwa bayan damina, da kuma na ƙanƙara da manyan motoci ke haurowa da shi daga bakin teku. Da yamma a tasha ko bakin hanyar Yamai ana ganin mata da kaskonsu, suna tsattsaga ƙarfasa ko tarwaɗa da wuƙa, su shafa gishiri, su soya ta sukutum da kai da jela har ta bushe ƙayau, su zuba yaji da yankakkiyar albasa a gefe. Wanda ya tashi da wannan a bakinsa yakan shiga shagon Ingila yana zaton ya san abin da za a ba shi. Mamakin da ke biyo baya ya samo asali ne daga abu guda: suyar gida ana yin ta don a kore ruwan jikin kifi ya jure zafin gari, suyar Ingila kuma ana yin ta don a tsare ruwan a ciki.

Abincin da Birtaniya ke tinƙaho da shi baƙi ne suka kawo mata rabi da rabi. Soya kifi cikin fulawa al'adar Yahudawan Fotugal da Sifen ce, waɗanda aka kora daga ƙasashensu a ƙarshen ƙarni na 15, zuriyarsu kuma ta samu damar zama a Ingila a fili daga 1656. Suna soya kifin ranar Juma'a don a ci da sanyinsa ranar Asabar, ranar da addininsu ya hana su hura wuta, kuma rigar fulawar tana hana shi lalacewa. A farkon ƙarni na 19 soyayyen kifi ya riga ya zama abincin talakawan Landan, ana tallarsa a tire tare da burodi, har marubuci Charles Dickens ya ambaci gidan suyar kifi a littafinsa Oliver Twist na 1838. Dankali kuwa asalinsa tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16, suyarsa cikin mai da yawa kuma daga Faransa da Beljiyam ta ƙetaro.

Wanda ya fara haɗa su a shago guda ana jayayya a kansa har yau. Mutanen Landan suna cewa Joseph Malin ne, Bayahude da ya buɗe shago a gabashin birnin wajen 1860. Mutanen arewacin Ingila suna cewa John Lees ne, wanda ya yi ta sayarwa a wata rumfar katako a kasuwar Mossley kusa da Oldham wajen 1863. Ko wane ne daga cikinsu, abin da ya yaɗa sana'ar ya fi ƙarfin mutum ɗaya. A shekarun da suka biyo baya ne jiragen kamun kifi masu injin tururi suka fara zurfafawa cikin Tekun Arewa suna jan taru, aka samu ƙanƙara da yawa, jirgin ƙasa kuma ya haɗa tashoshin ruwa irin su Grimsby da Hull da Fleetwood da Aberdeen da garuruwan masana'antu na cikin ƙasa. Kifin da aka sauke da asuba yakan isa Leeds ko Bradford kafin dare. A can kuwa akwai dubban ma'aikatan masaƙu, maza da mata, da ke tashi daga aiki a gajiye, gidajensu ƙanana, babu lokacin girki. Abinci mai zafi, mai maiƙo, mai arha, wanda ke riƙe ciki cikin sanyi, shi ne daidai bukatarsu. Zuwa 1910 shagunan sun haura 25,000, a ƙarshen shekarun 1920 sun kai wajen 35,000. A 1913 masu sana'ar suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, wadda har yanzu hedikwatarta ke Leeds.

Baƙi ba su daina shiga sana'ar ba. A Sikotilan ƴan Italiya ne suka riƙe ta tun ƙarshen ƙarni na 19, da yawansu daga garin Barga na yankin Tuscany, har ta kai garin na shirya bikin cin kifi da dankali duk shekara da bazara saboda ƴaƴansa da suka dawo da al'adar. Daga baya ƴan tsibirin Kuburus da ƴan Sin suka shigo, yau kuma a Bradford da Birmingham da Leicester da gabashin Landan ana samun shaguna da dama a hannun Musulmi ƴan asalin Fakistan da Bangladesh da Turkiyya. Wannan yana da amfani ga baƙo Musulmi, kamar yadda za a gani a gaba.

Kifi iri biyu ne suka mamaye sana'ar, kod da hadok, dukansu na ruwan sanyi ne na arewacin Tekun Atlantika, masu farar tsoka marar kitse. Kudancin Ingila sun fi son kod, mai kauri, wanda tsokarsa ke rabuwa fala-fala. Sikotilan da yankin Yorkshire sun fi son hadok, wanda ya ɗan fi ɗanɗano. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Sabon Gari ta Kano ya ga busasshen kifin nan mai tauri da ake kawowa Nijeriya daga Norwe, to ya riga ya ga kod ko danginsa, sai dai a busasshiyar sura. Yawancin wanda ake soyawa a Birtaniya yanzu ba daga ruwanta yake fitowa ba. Tsakanin 1958 da 1976 ta yi rikici har sau uku da ƙasar Aisilan kan iyakar kamun kifi, jiragen ruwa suna bangazar juna ana yanke taru, daga ƙarshe Aisilan ta tabbatar da ikonta kan mil 200 na teku. Manyan jiragen Hull da Grimsby suka rasa wurin kamu, garuruwan suka shiga wani hali. Tun daga nan kifin Aisilan da Norwe da tekun Barents ne ke cika shagunan, akasari an fere shi an daskarar tun a cikin jirgi.

Shagon kansa ƙarami ne, kuma ƙamshin mai da kal ke fara sanar da shi tun daga nesa. Da shiga sai a tarar da dogon kanta na ƙarfe mai ƙyalli, a bayansa tukwanen mai masu zurfi, a samansa akwatin gilashi mai fitila inda ake jera kifin da aka tsame. Ana bin layi. Mai suya yakan ɗauko tsokar kifi ta wajen jela, ya birkita ta cikin busasshiyar fulawa, ya tsoma cikin kwaɓin, ya ɗaga ya bari ya ɗan tsiyaye, sannan ya kwantar da ita cikin man a hankali yana nesanta ta daga jikinsa. Man yana kusan digiri 180. Nan take kwaɓin ya kumbura ya rufe kifin ruf, cikin mintoci kaɗan ya yi ja ya taso sama. Mai sayarwa ta shimfiɗa farar takarda, ta kwaso dankali da ludayin ƙarfe ta zuba, ta ɗora kifin a kai, ta ɗago ta tambaya ko a sa gishiri da kal. Ba ta jiran dogon tunani, don akwai mutane a baya. A da, da tsohuwar jarida ake naɗewa, sai a wajen shekarun 1980 aka daina saboda tawada, aka koma farar takarda da kwali.

Abu na farko da ke ba baƙo mamaki shi ne yawan abincin. Kifin yakan kusa kai tsawon kamu ɗaya, dankalin kuma ya ishi mutum biyu. Na biyu shi ne rashin kai da ƙaya. A gida mutum ya saba cin kifi da lura, yana zare ƙaya da yatsa, yana ajiye kan don ƙarshe. A nan tsoka ce zalla, wasu har sukan ji kamar an rage wa kifin daraja. Idan ya fasa ɓawon, wanda ke ƙaras-ƙaras a haƙori, sai tururi ya taso, ya tarar da farar tsoka mai laushi da danshi. Wannan ne yakan sa wasu zaton bai soyu ba. Ya dahu sarai. Mai bai taɓa tsokar ba ko kaɗan, fulawar ce ta soyu, kifin kuma ya turara da ruwan jikinsa a cikinta. Nan gwanintar mai suya take: idan man bai yi zafi sosai ba kwaɓin ya sha mai ya yi nauyi, idan ya yi zafi fiye da kima bayan ya ƙone cikin bai nuna ba.

Sai kuma rashin yaji, wanda shi ne babban ƙorafin ɗan Afirka ta Yamma. Babu barkono, babu tattasai, babu citta, babu albasa, babu ko ɗanɗanon dunƙule. Harshen da ya saba da yajin ƙuli a kan tsire zai ce lami ne, kuma a loma ta farko yana da gaskiya. Amma an gina abincin ne a kan gishiri da tsami da maiƙo. Ruwan kal ɗin ruwan ƙasa ne mai kaifin wari, daga sha'ir ake yin sa, aikinsa shi ne ya yanke maiƙon don kada ya gundura mai ci. Wanda ya ƙi shi saboda warinsa yakan gaji kafin ya ci rabi. Wanda ya bari aka sa kaɗan yakan gane dalili a loma ta uku ko ta huɗu, lokacin da zaƙin tsokar kifin ya fara fitowa. Kifin ruwan sanyi ɗanɗanonsa a ɓoye yake, yaji mai ƙarfi binne shi zai yi. Duk da haka babu laifi ga wanda ya tafi da ƙullin yajinsa a aljihu ya barbaɗa a kan dankalin, don dankalin yana karɓarsa da kyau.

Dankalin ma ya bambanta da wanda aka sani a gidajen abinci na Yamai da Doso, inda ake yanka shi siri-siri irin na Faransawa a soya ya yi ƙarau. Na Ingila kaurin yatsa ne, cikinsa gari-gari, bayansa bai cika tauri ba, kuma da zarar an naɗe shi a takarda tururi da kal sukan sa ya yi laushi. Turawan haka suke son sa. Irin da aka fi amfani da shi sunansa Maris Piper, saboda ruwan jikinsa kaɗan ne. Shaguna da yawa sau biyu suke soya shi, da farko a mai marar zafi sosai don cikin ya nuna, sannan a mai mai zafi don bayan ya yi launi.

A gefe akan sayi wasu ƴan mahaɗi cikin ƙananan kofuna. Wanda ya fi ɗaure wa baƙo kai shi ne koren wake da aka jiƙa kwana guda aka dafa har ya farfashe ya zama kamar fate. Launinsa kore shar, ɗanɗanonsa ba ƙarfi, yana da ɗan zaƙi, kuma yana tafiya da kifin fiye da yadda ido ke zato. Akwai farar miya mai tsami ta mayonis da yankakken kokwamba, akwai miyar kori mai kauri wadda yajinta bai kai ya kawo ba, akwai romon nama da mutanen arewacin Ingila ke kwarara wa dankali. A Edinburgh kuma wata miya ce ruwan ƙasa da aka sirka da kal suke zubawa.

Ga Musulmi akwai tambayoyin da ya kamata a yi kafin a saya. Kifin kansa babu matsala, don a mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa abin da ke rayuwa a ruwa halal ne ba tare da yanka ba. Shi ya sa tun da daɗewa kifi ya zama mafakar baƙon da ke gudun naman da bai san yankansa ba. Matsalar tana cikin mai da kwaɓi. A Yorkshire da wasu sassan arewa al'ada ce a soya da kakiden shanu, kuma ba lallai dabbar yankan Musulmi ce ba. Wasu tsirarun wurare suna amfani da kitsen alade. Shaguna da yawa man ganye ko na kwakwar manja suke sa wa, amma sukan soya tsiran alade a cikin tukunya guda da kifin. Kwaɓin kuma a shagon unguwa yawanci fulawa ce da ruwa da ɗan abin kumburi, amma a mashaya da manyan gidajen abinci sukan kwaɓa da giya, suna ma rubuta hakan a takardar abinci don talla. Tambaya uku ta wadatar: da wane mai ake suya, ko tukunyar kifi daban take, ko akwai giya a kwaɓin. Masu shagon sun saba da irin wannan tambaya, ba sa ɗaukar ta da zafi. Ruwan kal kuwa, ko da yake ta hanyar ruɓar da sha'ir ake samun sa, malamai da yawa suna ganin abin da ya rikiɗe ya zama kal ya tsarkaka, kuma wasu shagunan ma wani na haɗi suke ajiyewa wanda bai bi ta wannan hanya ba. Mai son kwanciyar hankali ya nemi shagon da ke da alamar halal a ƙofa.

Hausawan da suka je Ingila karatu a tsakiyar shekarun 1940 sun same ta cikin ƙunci. A 1945 aka tura wasu malamai daga Arewacin Nijeriya, cikinsu har da Abubakar Tafawa Balewa, karatu a Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan, Malam Aminu Kano ya biyo baya a 1946. Lokacin nama da sukari da man shanu duk da kati ake sayen su, kuma ba a sake nama ba sai 1954. Soyayyen kifi da dankali na cikin ƴan abincin da gwamnati ba ta sa wa kati ba a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, don ta san abin da hakan zai yi wa zuciyar talaka. Daga 1957 Sashen Hausa na BBC ya fara kai ma'aikata Landan, daga baya har da ƴan Nijar. Ƴan Nijar dai Faransa suka fi nufa, shi ya sa wanda ya je Birtaniya daga yankin Dogondutsi, don karatu ko taro ko aikin jarida, yakan isa ba tare da wani na gida ya riga ya ba shi labarin abincin ba.

Inda aka ci da lokacin da aka ci suna canza hukuncin baƙo ƙwarai. Abinci ne na minti goma. Idan aka ɗauke shi a jaka aka shiga bas aka kai masauki, ɓawon ya jiƙe, dankalin ya dunƙule, man ya kwanta, kuma yawancin waɗanda suka dawo gida suna kushe shi irin wannan suka ci, ko kuma na wuraren ƴan yawon buɗe ido na tsakiyar Landan, mai tsada marar kyau. Na kirki ana samun sa a shagon unguwa da ke da layi ranar Juma'a da yamma, ranar da ciniki ya fi yawa saboda tsohuwar al'adar Kirista ta barin nama ranar Juma'a. Wanda ya fi shi kuma na garuruwan bakin teku ne irin su Whitby da Anstruther, inda ake buɗe takardar nan take a ci a tsaye ko a kan benci, da hannu ko da ɗan cokalin katako mai yatsu biyu. A can sai an kula da fararen tsuntsayen teku, don suna kawo sura kamar shirwa a mahauta, su fauce kifin daga hannun mutum. Shayi mai madara shi ne abin korawa na gargajiya, kuma ya dace da shi.

Abincin da aka san shi da arha yanzu ya fara fin ƙarfin talakan da aka yi shi dominsa. A tsakiyar 2019 kuɗin kifi da dankali na mutum ɗaya bai kai fam 7 ba a matsakaici, a tsakiyar 2024 ya kusa fam 10, wato sama da jikka bakwai na sefa. Yaƙin Rasha da Yukiren na 2022 ya taɓa sana'ar ta kowane ɓangare: man sunflower da fulawa suka yi tsada, kuɗin gas da lantarki ya hau, gwamnatin Birtaniya kuma ta ɗora ƙarin harajin kashi 35 cikin ɗari a kan farin kifin Rasha. Ga ragin adadin kod da aka yarda a kama a tekun Barents, ga damina marar kyau da ta taɓa dankali. Shaguna da dama sun rufe, wasu sun rage girman kifin, wasu suna gwada wasu irin kifaye masu sauƙin kuɗi.

Wanda ya dawo gida yana son gwadawa, kayan duk suna kusa. Giwan ruwa ta Gaya ita ce ta fi dacewa, don tsokarta fara ce, mai kauri, ƙayarta kuma manya ce masu sauƙin cirewa. Babbar ƙarfasa ma tana yi idan aka fere ta, amma tarwaɗa kitsenta ya yi yawa. Kwaɓin yana son ruwa mai sanyi sosai da ɗan bakin foda, kada a buga shi da yawa, kuma a yi amfani da shi nan take. Dankalin a yanka da kauri, a wanke, a tsane shi da tsumma kafin ya shiga mai. Lemun tsami yana maye gurbin kal. Abin da ke da tsada shi ne man gyaɗa, don dole ya yi zurfin da kifin zai yi iyo a ciki, ba ɗan wanda ake shafa wa kasko ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne watannin Fabrairu da Maris, sa'ad da sabon dankalin Dogondutsi ya cika kasuwa farashinsa ya sauko, kafin zafin bazara ya sa ya fara tsiro a ɗaki.